Yadda ake karanta kufai: jagora daga tsohon ƙauyen Wharram Percy

Zuwana na farko Wharram Percy asarar kuɗin mota kawai na yi. Watan Yuli ne, rana tsaka, ciyawa ta kai gwiwa. An ce mini nan ne kufan da ya fi kowanne suna a Ingila, ƙauyen da masana suka shekara 40 suna tonawa. Na bi gangare na sauka, na tsallake tsohon layin dogo, na iske kangon coci babu rufi, da ɗan tafki, da shanu suna kallona ina kallonsu. Gidajen fa? Sai daga baya na gane a tsakar ɗakin wani na zauna na ci burodina.

Da na koma cikin Fabrairu, da sassafe, raɓa ta daskare a kan gajeriyar ciyawa, sai ga ƙauyen shimfiɗe a gabana: ga layin gidaje, ga ƙofofinsu, ga hanya, ga iyakar bayan kowane gida. Filin yana nan yadda na bar shi. Wannan karon ne na zo a kan lokaci, kuma na zo da ɗan karatu a kaina.

Ingila tana da irin waɗannan kufaifai wajen 3,000 da aka sani, ƙauyukan da suka rayu a zamanin da Turawa ke kira tsakiyar zamani, suka mutu galibi tsakanin ƙarni na 14 da na 16. Yawancinsu babu ko bulo ɗaya a tsaye, sai tudu da kwari a cikin makiyaya. Wharram Percy yana arewacin Yorkshire, kusa da garin Malton, hukumar English Heritage ce ke kula da shi, kuma shiga kyauta ne. Da shi zan yi misali, amma hanyar karatun za ta yi maka aiki a kowane kufai, har da na bayan garinku.

Mataki na farko: takarda kafin takalmi

Kada ka fita sai ka zauna da taswira. A Birtaniya taswirar Ordnance Survey, hukumar zana taswirar ƙasar, kan rubuta wuraren tarihi da wasu haruffa masu ƙwalisa, ka gane su nan take. Amma ko ba a rubuta ba, akwai alamun da ba su ɓuya. Coci shi kaɗai a tsakiyar gonaki, babu gida kusa: wa yake zuwa ibada a nan? Hanyoyin ƙafa uku ko huɗu da suka haɗu a fili, babu rijiya babu kasuwa: wurin wa suke zuwa? Gidan gona guda ɗaya da ke ɗauke da sunan gari sukutum. Hanyar mota da take tafiya sak, sai ta yi kwana ba dalili ta kewaye wani fili. Duk inda ka ga biyu daga cikin waɗannan sun haɗu, sa alama.

Ɗakin karatu na ƙasa na Sikotlan ya saka tsofaffin taswirorin Birtaniya kyauta a intanet, ana iya jera ta ƙarni na 19 gefe da gefe da hoton tauraron ɗan Adam. Akwai kuma hoton Lidar, wanda jirgin sama ke ɗauka ta hanyar harba haske ƙasa yana auna tudu da kwari. Shi wannan yakan tuɓe wa ƙasa rigarta, ka ga zanen ƙauye tsirara kamar an zana da tsinke a kan rairayi.

Sai takardun haraji, domin mai mulki yakan manta da talaka a komai ban da kuɗin da yake binsa. Kundin Domesday na 1086, ƙidayar filaye da dukiya da Sarki William ya sa aka yi, ya ambaci Wharram. Akwai jerin harajin 1334, wanda ya yanka wa kowane ƙauye abin da zai biya. Akwai kuɗin kai na 1377, kwabo huɗu a kan duk wanda ya kai shekara 14, wanda shi ne mafi kusa da ƙidayar mutane. Dabarar mai sauƙi ce: ka nemi takarda ta ƙarshe da ta ambaci ƙauyen da masu biyan haraji a cikinsa, da ta farko da ta ambace shi a matsayin makiyaya. Mutuwarsa tana tsakanin biyun.

Da irin wannan haɗa takarda da ƙasa ne Maurice Beresford, malamin tarihin tattalin arziki a Jami'ar Leeds, ya iso Wharram Percy a 1948. A lokacin manyan masana da dama ba su yarda Ingila ta yi asarar ƙauyuka masu yawa haka ba. Ya fara tono a 1950 don kawai ya nuna cewa tudun nan gidaje ne.

Mataki na biyu: zaɓi lokaci

Kuskurena ke nan na farko. Tudun katangar da ta faɗi shekara 500 da suka wuce sau da yawa bai kai gwiwa ba, inuwa ce kawai ke fito da shi. Ka je lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Maris, da hantsi ko da la'asar sakaliya, sa'ad da rana ke kwance tana jan inuwa. Daskararriyar raɓa ko ɗan yayyafin ƙanƙara ya fi komai, don yakan narke a kan tudu ya saura a kwari. Shekarar fari ma tana da nata amfanin: ciyawar da ke kan binnanniyar katanga ita ke fara bushewa, sai zanen gida ya fito ja a kan kore. Bazarar 2018 ta tona asirin wurare da yawa a Birtaniya ta wannan hanya.

Daga inda ake ajiye mota zuwa ƙauyen tafiyar sama da kilomita 1 ce, da gangare da hawa, kuma laka a ƙasar alli santsi gare ta kamar kuɓewa. Ka sa takalmin da ba ka jin tausayinsa. Ka ɗauki littafi da fensir, ruwan sama yakan kashe biro.

Mataki na uku: nemi hanya tukuna

Baƙo yakan fara da neman gidaje, ya rikice. Hanya za ka fara nema, ita ce ƙashin bayan gari. Titin ƙauyen wancan zamani ba a shimfiɗa masa komai ba. Ƙafar mutum da kofaton sa da ƙafar amalanke suka yi ta cinsa, ruwan sama yana kwashe ƙurar, har ya zama dogon kwari mai faɗin ƙasa, wani wurin zurfinsa ya fi tsayin mutum. Wanda ya san tsohon burtali da ya lotsa tsakanin gonaki zai gane shi da gani ɗaya. A Wharram Percy ta cikin irin wannan kwarin ma ake shigowa, mutane da yawa suna bi ba su san a kan titin garin suke ba.

Yadda za ka bambanta shi da magudanar ruwa: hanya takan hau tudu ta sauka, ruwa kuwa ba ya hawa. Hanya tana da rassa da ke shiga gefe, kuma takan buɗe ta zama fili a tsakiyar gari, dandalin da ake kiwon dabbobi. Ka bi ta daga farko har ƙarshe kafin ka dubi komai, kana ƙirga taku, ka ja layinta a littafinka. Duk abin da za ka zana daga baya a jikin wannan layin zai rataya.

Mataki na huɗu: gidajen

Yanzu ka tsaya a cikin hanyar ka dubi gefe. Za ka ga ƙananan tuddai sun yanka bakin titi gida-gida, kowane fili mai kusurwa huɗu. Wannan shi ne harabar gida, inda ɗaki da rumbu da garke suke. Bayansa akwai wani dogon fili da ya miƙe har iyakar gari, shi ne garkar bayan gida, inda ake shuka ganye da wake ko a ɗaure ɗan maraƙi. Ƙirga waɗannan filaye shi ne hanya mafi sauƙi ta sanin girman gari. Wharram Percy a ganiyarsa, wajen ƙarni na 13, ana kiyasin mutanensa sun kai 200.

Cikin harabar ka nemi wani ƙaramin zane mai tsawo, tsakiyarsa ta ɗan lotsa, gefensa ya ɗan tashi. Ka taka tsawonsa da faɗinsa. Gidan manomi yakan yi tsawo sosai amma siriri ne, faɗinsa bai cika wuce taku biyar ko shida ba, don iyakar tsawon itacen rufi ke nan. Ka duba dogayen ɓangarorin biyu: in ka ga giɓi a wannan, da wani giɓin daidai saitinsa a wancan, ƙofofi ne, da ɗan lungu da ya ratsa gidan ya raba shi biyu. Murhu a tsakiyar ɗaki yake, babu bututun hayaƙi, hayaƙin ta cikin jinka yake neman hanyarsa. A yankuna da dama mutane na kwana a gefe ɗaya na lungun, shanu a ɗaya gefen, rufi ɗaya. In kana so ka ga wannan ƙuru-ƙuru, sai Hound Tor a yankin Dartmoor, kudu maso yammacin Ingila, inda aka yi gini da dutse mai tauri: ɓangaren shanun yana ta gangare, da magudanar fitsari a tsakiyarsa har yau.

Abu biyu za su yaudare ka a nan.

Na farko, ba kowane rami ne ɗaki ba. Mutanen Wharram a cikin harabarsu suke haƙar alli don gini, kamar yadda kududdufi ke samuwa a bayan gidajen ƙasa. Ramin haƙa ba shi da kusurwa, kuma ba shi da ƙofa.

Na biyu ya fi girma: abin da kake gani a sama shi ne shafin ƙarshe na littafin. John Hurst, masanin nazarin kufai wanda ya haɗu da Beresford a 1952, shi ya kawo dabarar da ya koya daga aikin masanin Denmak Axel Steensberg, wato a daina yanka siririn rami ana bin katanga, a buɗe fili gaba ɗaya a riƙa ɗaye shi sannu a hankali, ana zana kowane dutse a inda yake. Da suka yi haka a wani gidan talaka da suka lakaba wa lamba 10, sai suka iske gida a ƙarƙashin gida, can ƙasa kuma ga ginin dutse na uban ƙasa na ƙarni na 12, wanda babu alamarsa ko kaɗan a sama. Wurin da ya zama unguwar talakawa, da can fada ce.

Su kansu masanan sun yi tuntuɓe a nan, kuma tuntuɓen ya fi nasarar koyarwa. Da suka ga katangu an yi ta rushewa ana sakewa, sai suka yanke cewa gidajen talakawa bukkoki ne marasa ƙarko, kowane ɗa sai ya sake gina na ubansa. Aka shekara da shekaru ana koyar da haka. Daga baya wani masani, Stuart Wrathmell, ya sake duba zanen tonon ya nuna cewa ba katangar ce ke ɗauke da rufin ba. Manyan itatuwa ne masu lanƙwasa, biyu-biyu, ake kafawa a haɗa kawunansu a sama, kusan yadda maginanmu ke ɗaura baka a soro. Katangar allin cike giɓi kawai take yi, in ta zube a gyara, gidan yana tsaye. Ka ɗauka wani ya zo bayan shekara 500 ya ƙirga yaɓen da aka yi wa katangar kakanka kowace bazara, ya ce sau talatin aka sake gina gidan.

Kafin ka bar layin gidajen, ka lura da tsarinsu. In filayen faɗinsu ɗaya ne, sun jeru kamar haƙoran mataji, to wani mai iko ne ya sa igiya ya yanka su a lokaci ɗaya. In kuwa wani babba wani ƙarami, sun karkace, garin da kansa ya tsiro. A Wharram akwai layukan da ke nuna an tsara su. A ƙarshen garin ta arewa za ka ga wata haraba da ta fi sauran girma da yawan ɗakuna, gidan iyalan Percy ke nan, waɗanda sunansu ya manne wa garin.

Mataki na biyar: kunyoyi

Bayan iyakar garkuna gonaki ne. Garmar wancan zamani gefe ɗaya take kifar da ƙasa, manomi kuma yana kewaya siririyar gonarsa ta fuska ɗaya kowace shekara, sai ƙasa ta yi ta taruwa a tsakiya. Abin da ya fito kunya ce, amma ba irin tamu ta gero ba: faɗin guda ɗaya yakan wuce mita 5. Ka tsaya a ƙarshenta ka miƙa ido. In ta ɗan karkace a farko da ƙarshe kamar maciji, tsohuwa ce, don jerin shanun huɗa dogo ne, dole mai garma ya fara karkata su tun kafin su kai iyaka. In ta miƙe sak kuma siririya, aikin baya-bayan nan ne.

Kunyar da ta rayu har yau shaida ce da kanta: tun ranar da aka daina noma wurin ba a sake sa masa garma ba, ciyawa ce ta rufe shi. A kewayen Wharram noman zamani ya share yawancinsu. Masu kyau suna tsakiyar Ingila, wajen Leicestershire da Northamptonshire, har daga tagar jirgin ƙasa ana ganinsu.

Mataki na shida: coci da maƙabarta

Wurin ibada shi ne ma'aunin jama'a. Cocin St Martin na Wharram ya faro ƙarami, aka yi ta faɗaɗa shi da baranda hagu da dama sa'ad da mutane suka yawaita. Ka tsaya a waje ka dubi katangar: za ka ga zanen manyan bakuna da aka toshe da dutse. Barandun ne aka rushe da jama'a ta ragu, aka liƙe ƙofofinsu. Ginin ya yi ƙiba ya rame tare da garin. Bai mutu tare da shi ba, saboda ƙauyuka biyar yake yi wa hidima. Huɗu daga ciki sun zama kufai, Thixendale kaɗai ya saura, shi ma ya sami cocinsa a 1870. An yi ibada ta ƙarshe a nan a 1949, wani ɓangare na hasumiyar ya faɗi a 1959.

Daga maƙabartar an tono ƙasusuwan mutum 687, kuma su ne suka faɗi abin da takardar haraji ba ta damu da shi ba. Ana shayar da jariri har wajen wata 18. Yara ba sa girma da wuri, ɗan shekara 14 tsayinsa kamar na ɗan shekara 10 na yau. Wani rami kuma, a cikin gari ba a maƙabarta ba, ya ba da ƙasusuwa 137 na aƙalla mutum goma, da sawun wuƙa da ƙuna a jikinsu. Binciken da aka fitar a 2017 ya nuna daga haƙoransu cewa 'yan yankin ne, ba baƙi ba, masanan kuma suka fi karkata ga cewa tsoron kada mamaci ya tashi ya dami masu rai ne ya sa aka yi wa gawarwakin haka. Kai dai mai ziyara, kabari kabari ne ko na wane ne. Ka wuce da ladabi.

Mataki na bakwai: duba, kada ka tona

Ƙasa takan tono kanta. Akwai wata 'yar dabba mai kama da ɓera da ke turo tulin ƙasa a makiyayun Ingila, ga ramukan zomaye, ga inda kofato ya sassabe gefen tudu. A nan ake ganin tsingaro. Mai kaurin nan mara ƙyalli, da baƙin hayaƙi a bayansa, tukunyar girki ce. Mai koren ƙyalli yawanci tulu ne, irin wanda aka yi ta yi a garin Scarborough a ƙarni na 13 da 14. Abin da babu shi ma magana ne: taba ba ta shigo Ingila ba sai ƙarshen ƙarni na 16, saboda haka kufan da ba a samun gutsuren lofe a cikinsa, mai yiwuwa ya mutu kafin nan. Inda ciyawa mai ƙaiƙayi ta yi cunkus kuma, sau da yawa tsohon juji ne ko garke.

Ka ɗauki hoto, ka ajiye tsabar kuɗi a gefe don a gane girma, ka rubuta inda ka gani, ka bar shi a wurin. Tsingaro a aljihunka tsingaro ne kawai, a inda yake kuwa kwanan wata ne. Ban da haka, dokar Birtaniya ta 1979 ta haramta tono ko amfani da na'urar neman ƙarfe a wurin tarihi da ke cikin rajista ba tare da izini ba, ana kuma gurfanar da mutane a kan haka.

Mataki na takwas: me ya kashe garin?

Nan ne ake gane wanda ya karanta daga wanda ya ji labari. Tambayi kowa a mashayar ƙauyen da ke kusa, zai ce maka annoba ce. Baƙar Annoba ta 1348 zuwa 1349 ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin uku zuwa rabin mutanen Ingila, to wa zai yi musu? Akwai ma ƙauyukan da ta share ɗungurungum, kamar Tilgarsley a Oxfordshire. Sai dai irinsu kaɗan ne ƙwarai. Ka jera shekarun Wharram ka gani.

Tun kafin annobar garin ya fara tangaɗi. An yi yunwa mai tsanani a Turai daga 1315 zuwa 1317, mayaƙan Sikotlan kuma suna kai hari arewacin Ingila. Wata ƙididdigar dukiya ta 1323 ta nuna kashi biyu cikin uku na gonakin uban ƙasa ba a noma su, wasu gidaje babu kowa, maniƙan ruwa biyu na garin sun tsaya. Annoba ta zo a 1349 ta yi nata, har uban ƙasar ta ɗauke. Amma a 1368, kusan shekara 20 bayanta, gidaje wajen 30 na da mutane. Garin da annoba ta kashe ba ya yin haka.

Wajen 1400 garin ya fita daga hannun iyalan Percy ya koma na iyalan Hilton, waɗanda ke zaune can nesa kusa da Sunderland. Su ba maƙwabta suke gani ba, lissafi suke gani. Lissafin kuwa ya juya: mutane sun yi ƙaranci, ladan ƙwadago ya hau, hatsi ba ya tsada, ulu kuma kasuwarsa na ci. Gonar da ke buƙatar iyalai goma, makiyayi ɗaya da karensa sun ishe ta in an mai da ita makiyayar tumaki. A tsakiyar ƙarni na 15 gidaje wajen 16 suka saura. Wajen shekarar 1500 aka kori iyalai huɗu aka rushe gidajensu, abin da ya fito a binciken da gwamnati ta sa aka yi a 1517 kan masu mai da gonaki makiyaya. Zuwa 1527 an daina noma. A 1543 wani mai suna John Thorpe yana kiwon tumaki 1,240 a filin da ya taɓa ciyar da gari.

Shekara 200 ke nan ana mutuwa, da yunwa, da yaƙi, da cuta, da waɗanda suka tafi don kansu neman inda ya fi, sannan a ƙarshe wani ya sa hannu a takarda. Ni a ganina wannan ne ya sa labarin annoba ya fi daɗin faɗa: ba ya ɗora wa kowa laifi.

Saboda haka in ka tsaya a kufai, kada ka karɓi dalili ɗaya. Ka tambayi ƙasar: akwai toka da gawayi a shimfiɗe, alamar gobara ko hari? An kwashe duwatsu da itatuwa masu amfani, alamar an tashi a tsanake? Gidajen gefe ne suka fara mutuwa, har maƙwabci ya haɗe filin da nasa? Wannan na ƙarshe shi ne alamar garin da ya tsiyaye a hankali. Ka kuma duba ko akwai katafaren gidan attajiri kusa da wurin, don a ƙarni na 18 an tashi wasu ƙauyuka, irin su Nuneham Courtenay da Milton Abbas, saboda kawai suna ɓata wa mai gida kallo daga taga.

In ka dawo gida

Mu da muke da kalmar kufai a bakinmu ba baƙin abin ba ne. Manyan an san su: Surame ta Kanta, Turunku a ƙasar Zazzau, Birnin Ngazargamu da ya faɗi a 1808, Kufan Kanawa a yankin Damagaram, inda masaniyar nazarin kufai Anne Haour ta yi tono. Ƙananan ne, na manoma da maƙera da marina, ba wanda ya rubuta, kuma garma da masu haƙar ƙasar bulo suna cinye su kowace shekara.

Matakan ba su canza ba, alamun ne suka canza. Lokacinka shi ne bayan kaka, an kwashe kara, da safe kafin hazo ya rufe rana, ko bayan ruwan farko da ya wanke fuskar ƙasa. Katangar ƙasa narkewa take yi ta zama tudu mai laushi, launinsa ya bambanta da na gona. Kukoki da suka taru wuri ɗaya a daji da wuya su zama banza. Ka nemi tsingaro, da dutsen niƙa da ya lotsa, da kashin ƙarfe inda aka narka tama, da bakin karofi, da rijiyar da ta cike, da ragowar ganuwa. Lofe ma yana aiki a nan kamar can, don masana na ɗaukarsa alamar zaman da ya biyo bayan wajen 1600.

Ka fara da gaisuwa wurin mai unguwa ko dagaci, kada a ga baƙo yana zagaya gonar mutane da littafi. Tono kuwa a Najeriya sai da izinin Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, bisa dokar 1979. In ka ga abin da ya fi ƙarfinka, sashen nazarin kufai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko cibiyar binciken tarihi da al'adu ta IRSH da ke Yamai su ne wurin kai labari.

Abin da muke da shi wanda Beresford bai samu ba shi ne bakin dattawa. Ka zauna da tsofaffi biyu ko uku, kowa daban, kada ɗaya ya ji na ɗaya. Za a ce maka yaƙi ne, ko rijiya ce ta ƙafe, ko iskoki ne suka hana zama. Ka rubuta yadda aka faɗa, da sunan mai faɗa da ranar. Sannan ka yi tambayar da aka fi mantawa: da suka tashi, ina suka koma? Sau da yawa za a nuna maka wata unguwa a garin da ke gaba, mai ɗauke da sunan kufan, a ce ka je ka nemi gidan wane.